Auna Maganin Feshi a Lambu: Daga Mililita Zuwa Oza

Malamin gona da manomin lambu, ku lura cewa yawancin asarar da ake yi wajen feshi tana farawa ne tun daga wurin awo. Nijeriya ta koma amfani da lita da mililita tun shekarun 1970, amma har yanzu akan ci karo da kofin awo ko kwalbar magani da aka shigo da su daga waje, masu ɗauke da alamar fl oz, wato ozar ruwa. Wajibi ne ka san yadda za ka juya wannan awo zuwa wancan.

Ozar ruwa iri biyu ce. Ta Amurka mililita 29.6 ce, ta Ingila kuwa mililita 28.4. Don haka lita ɗaya daidai take da oza 33.8 ta Amurka, ko oza 35.2 ta Ingila. Idan takardar jikin kwalba ta ba ka adadi da mililita, kofinka kuma na oza ne, sai ka raba adadin da 30. Misali, idan an ce a zuba mililita 60 a injin feshi na goyo mai cin lita 15, ka auna oza 2. Mililita 100 kimanin oza 3 da sulusi ce, mililita 250 kuma kusan oza 8 da rabi. Wannan ɗan bambanci na lissafi ba zai cutar da shuka ba.

Inda haɗarin yake shi ne wajen galan. Galan na Amurka lita 3.8 ne, na Ingila kuma lita 4.5. A ce takarda ta ce a zuba oza ɗaya a kowane galan na ruwa. Bisa awon Amurka, wannan na nufin mililita 7.8 a kowace lita, wato kimanin mililita 117 a injin lita 15. Bisa awon Ingila kuwa mililita 6.25 ne a lita, wato kimanin mililita 94 a injin. Ka ga ke nan wanda ya ɗauki na Amurka a maimakon na Ingila ya ƙara kashi ɗaya cikin huɗu a kan abin da aka umarta. Irin wannan ƙari yana iya ƙona ganyen tumatir da tattasai, ya kuma bar ragowar guba a jikin kayan miyan da za a kai kasuwa. Wanda ya rage kuwa, ƙwarin ba za su mutu duka ba, kuma da sannu za su saba da maganin. Saboda haka ka duba ƙasar da aka yi maganin kafin ka fara lissafi.

Kada ka haɗa ozar ruwa da ozar nauyi, wadda ita giram 28.35 ce. Maganin gari da sikeli ake auna shi, ba da kofi ba.

Ba mu goyon bayan awo da murfin kwalba ko gwangwanin madara, domin girmansu ya bambanta. Sirinji sabo mai mililita 10 ko 20 ya fi su aminci, kuma ba shi da tsada. Ka keɓe shi domin magani kaɗai, ka sa safar hannu lokacin awo, ka wanke shi nesa da rijiya, sannan ka ajiye shi inda yara ba za su kai gare shi ba.