Wasan Tatsuniya da Dayis: Yadda Ake Sa wa Baiwa Iyaka

'Yan uwana ɗalibai, akwai wasan da ba ya cin data, ba a kuma zuba kuɗi balle a kira shi caca. Mutum huɗu ko biyar za su zauna, ɗaya ya zama mai ba da labari, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda yana faɗin abin da zai aikata. Dayis ne ke yanke ko ya yi nasara. Wanda ya fi shahara, Dungeons & Dragons, ya fito a Amurka a 1974, daga hannun Gary Gygax da Dave Arneson.

Abin da na lura yana kashe wanga wasa shi ne baiwa marar iyaka. Da wani ya ce jaruminsa na ɓacewa duk sa'ad da ya ga dama, labari ya mutu, sai gardama, har abokai su watse ana hararar juna. Don haka in kana neman tsarin da za ku bi, duba wanda ya fayyace ƙarfin kowa a rubuce.

Ars Magica na 1987 ya raba siddabaru zuwa aikatau 5 da abubuwa 10. In kana son wuta, sai ka haɗa "ƙirƙira" da "wuta", makinka a kowanne ya nuna iya inda za ka kai. Vampire: The Masquerade na 1991 ya jera kowace baiwa hawa-hawa, daga ɗigo 1 zuwa 5. Apocalypse World na 2010 shi ya fi mana sauƙi, don dayis biyu na lido sun isa: 10 zuwa sama nasara ce, 7 zuwa 9 nasara da hasara, 6 zuwa ƙasa an faɗi. Masu lissafi su gwada: kafin a ƙara makin jarumi, cikin hanyoyi 36 da dayis biyu ke faɗuwa, 6 ne kawai ke ba da cikakkiyar nasara, 15 rabi da rabi, 15 faɗuwa.

Ba sai mun ari dodannin Turawa ba. Tatsuniyoyinmu da labaran mazan jiya cike suke da layar zana, baduhu, sagau da kau-da-bara. A matsayin labari muke ɗaukarsu, ba abin yi ko imani ba.

Ga yadda munka tsara namu lokacin hutu a Tambuwal. Kowace baiwa a rubuta mata layi uku: abin da take yi, abin da ba ta iyawa, da abin da take ci. Misali layar zana: tana ɓoye ka daga ido, ba ta ɓoye sawunka ko warinka, kuma sau biyu kawai take aiki a dare ɗaya. Labarin kuwa ayarin fatake ne daga Tambuwal zuwa Kebbe, Dodo ya tare mashigin ruwa. Mai layar ya jefa 8: ya wuce Dodo, amma jakinsa da kaya sun tsaya a baya. Nan take sauran sunka fara shawarar yadda za a ceto jakin, babu mai cewa an cuce shi, tunda ƙa'ida na kan takarda.

Ku samo dayis biyu da fallen takarda, ku rubuta iyakokin kafin mai labari ya ce ga ta nan ga ta nanku.