Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Sa Ruwan Teku Ke Cin Ƙarfe?

Wani mai sauraronmu daga Tudun Jukun, Zariya, yana neman sanin sababin da ya sa ƙarfe ke saurin tsatsa a ruwan teku fiye da ruwan rijiya.

To, Malam, madalla da wannan tambaya. Asalin tsatsa dai haɗuwar ƙarfe ne da ruwa da iskar oksijin, amma da yake kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35, wanda ke sauƙaƙa wa lantarki ratsa ruwan, yake kuma huda fatar da ke kare ƙarfen, sai ɓarnar ta gaggauta ƙwarai. Igiyar ruwa tana ƙaro iska, ɗumi irin na tashar jiragen ruwa ta Apapa yana ƙara hanzari, in kuwa jan ƙarfe ya haɗu da baƙin ƙarfe, to, baƙin ne zai ruɓe.

Game da magani, a 1824 wani masani ɗan Ingila, Humphry Davy, ya bayyana cewa idan aka liƙa tutiya a jikin jirgin ruwa, ita za ta cinyu fansa ga jirgin, kuma bisa wannan hikima ce ake shafe kwanon rufi da tutiya.