Yadda ake ɗura adaka a fita neman barewa

Wani dare a Aljirif, kafin yaƙin da ya ɓarke a Khartum cikin Afrilun 2023, muna shan shayi a bakin Shuɗin Nilu da wasu samari jikokin Hausawan da suka zo ta hanyar Makka, sai ɗayansu ya ce shi fa bai taɓa ganin adaka ba, labarinta kawai yake ji a bakin kakansa. Abin da na gaya masa shi ne zan faɗa a nan, kamar yadda kawuna ya koya mini a karkarar Katsina.

Adaka, ko bindigar toka, ta baki ake ɗura ta, kuma harbi ɗaya gare ta. Shi ya sa ake mata laƙabi da harba-ka-ruga. Duk wahalar sabon shiga daga nan take.

Kafin komai, ka zura sandar ɗuri a cikin bututun. In ta shige har inda ka yi mata alama, ba kome a ciki. In ta tsaya sama, akwai tsohon ɗuri, kuma ɗuri kan ɗuri shi ke fasa bindiga a hannun mai ita. Sai ka tsayar da gindinta a ƙasa, ka kawar da bakin daga fuskarka, ka auna albarushi da ɗan ma'auni ka zuba. Kada ka tuttula kai tsaye daga gora, don ko ɗan tartsatsi ya rage a ciki, gorar gaba ɗaya za ta tashi. Yawan albarushin kuwa, wanda maƙerin bindigar ko tsohon maharbi ya nuna maka, shi ke nan. Yaro yana ganin ƙari zai sa harsashi ya yi nisa. Kafaɗarsa ce za ta ba da labari.

Bayan albarushi sai tsumma, ka danna shi da sanda. Sai dalma, sai wani tsumman ya riƙe ta. A nan kawu yake tsayawa a kaina yana cewa, "Danna, yaro, har sai ka ji ta zauna." In an bar sarari tsakanin albarushi da dalma, bututun na iya kumbura ko ya tsage. Abin da ke tayar da wutar, wanda wasu ke haɗawa da kan ashana, shi ne na ƙarshe, kuma ba a sa shi sai an shiga daji.

Da rani ake fita, bayan an kwashe amfanin gona, domin albarushi ba ya shiri da laima. Tun asuba za ka ɗebi ƙura ka saki ka ga inda iska ta nufa, ka bi ta yadda za ta riƙa bugun fuskarka. Barewa hanci gare ta da kunne, ita kuma adaka ba ta cin nesa, don haka sai ka yi rarrafe cikin ƙaya har ka matso sosai. Ka saita bayan kafaɗarta, ka yi bismillah, ka ja kunama.

Wani lokaci ka ja, ta yi shiru. Ranar da ta fara yi mini haka, na juyo da bakin zan leƙa, kawu ya kai mini mari kafin in ƙarasa. Muna nan tsaye sai ta tashi da kanta, dalmar ta shige kargo. Wuta kan yi jinkiri a cikin albarushi mai sanyi. Ka bar bakin yana kallon daji, ka jira kamar minti guda.

In ta tashi kuwa, farin hayaƙi zai rufe maka gaba, ba za ka ga inda dabbar ta yi ba. Ka riƙe wurin da ta tsaya a ido, ka sake ɗuri a natse, sannan ka je neman jini da sawu. Ana cewa harbi a wutsiya ya fi kuskure, amma ni ban yarda ba: dabbar da ka raunata ta ɓace ta zama mushe, ga alhaki. In ka same ta da rai, ka yanka.

Da an dawo gida a wanke bututun da ruwan zafi, a busar, a shafa mai, don tokar albarushi tana cin ƙarfe.

Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa adaka cikin bindigogin da ake nema wa lasisi, kuma gandun daji irin Yankari a Bauchi ko Dindir a Sudan ba wurin farauta ba ne. Barewar ma ta yi ƙaranci ƙwarai. Wanda ke son koyo ya je gaban Sarkin Baka na garinsu, ya ɗauki shekara yana riƙe wa maharba gora kafin ya ja kunama.