Amsoshin Tambayoyinku: Koyar da Kimiyyar Bayanai a Sakandare

Tambayar wannan makon ta fito ne daga wani malamin lissafi a Zariya, wanda yake neman sanin mece ce kimiyyar bayanai, da yadda za a koyar da ita a sakandare ta hanyar darussan intanet.

Kimiyyar bayanai fanni ne da ya haɗa ƙididdiga da aikin kwamfuta, inda ake tattara bayanai, a tace kurakuransu, a tsara su a jadawali, sannan a fitar da ma'anar da ke cikinsu. A Amurka, Jami'ar UCLA ta tsara manhajar koyar da ita ga ɗaliban sakandare na Los Angeles da yaren kwamfuta mai suna R. Akwai kuma CODAP, manhajar kyauta ta zana jadawali da ke aiki a intanet, yayin da shafin intanet na Khan Academy ke koyar da ƙididdiga kyauta.

Masana na ganin ya fi dacewa ɗalibai su fara da bayanan da suka tattara da kansu, kamar farashin hatsi a kasuwa, domin sun san asalinsu. Da fatan malam ya gamsu.