Darasi: Lissafin Sake Rufin Ɗaki

A Kakuri da Nasarawa da Sabon Tasha, iskar farkon damina a watan Afrilu da Mayu ita ce ke tona asirin rufi. Wanda ya jira sai ta kwashe masa kwano, zai saya da tsada, ya kuma yi roƙon kafinta, gama a lokacin kowa nemansa yake. Saboda haka a yi lissafi tun da rani.

Yawancinmu in an ce rufi, kuɗin kwano kaɗai muke tambaya. Kuskure ke nan. Bandir ɗaya falle 20 ne, ɗaki mai ƙafa 12 tsawo da ƙafa 12 fāɗi kuwa yakan ci bandir ɗaya da 'yan falle, domin dole a ɗora bakin wani a kan wani, a kuma bar baki ya sauko ya kāre bango. Amma kafin ka je kasuwa, ka sa kafinta ya hau ya ɓamɓare falle biyu ko uku, ku duba katako tare. Ka soka masa ƙusa. In ta shige kamar cikin gwanda, gara ta gama aikinta, kuɗin katako ya shiga lissafi. Sabon kwano a kan ruɓaɓɓen katako asara ce.

Sai ƙusa mai hula, da ƙusar katako, da baƙin mai na shafe katako saboda gara, da kuɗin mota, da ladan kafinta. Kada ka manta da langalanga na ɗaure katako da bango. Shi ne mafi araha a cikinsu duka, shi ne kuma ake fara tsallakewa. Na ga wani gida a Unguwar Romi, iska ta ɗauke rufin ɗungum ta ajiye a gonar maƙwabci, kwano sabo ƙal, ba a ɗaure ba.

Tun da aka janye tallafin mai a 2023, farashi ba ya zama wuri ɗaya. Kada ka dogara ga abin da ɗan'uwanka ya biya bara. Tambayi shago uku, ka rubuta a takarda, ka taɓa kaurin kwanon da hannunka, gama mai araha yakan zama sirara, ya yi tsatsa da wuri. In kuɗin bai cika ba, sayi kwano da ƙusa da kuɗin adashi ka jingine a ɗaka inda laima ba ta kai. Katako dai a bar shi sai ana gab da aiki, don yakan tanƙware in ya daɗe a ajiye.

Tsohon kwano mai sauran ƙarfi ya isa rufin akurki ko ɗakin girki.