Wasiƙar Ɗan Mishan

Mu duba Ayyukan Manzanni 14:26-27. Da Bulus da Barnaba suka komo Antakiya, sai suka tara jama'ar da ta aike su, suka ba da labarin aikinsu. Wasiƙar Filibiyawa ma tana ɗauke da godiyar Bulus saboda gudummawar da Abafaroditus ya kai masa kurkuku.

A 1822, a birnin Liyon na Faransa, aka kafa Ƙungiyar Yaɗa Bangaskiya bisa tsarin Pauline Jaricot: mutum goma-goma, kowa kwabo guda a mako, suna karanta wasiƙun 'yan mishan. Wannan sawu fadannin SMA 'yan Ayilan suka bi da suka zo ƙasar Kano. Kafin a saba da jirgin sama, wasiƙa takan hau jirgin ƙasa zuwa Ikko, ta shiga na ruwa, ta yi makonni a hanya. Uwa ta karanta, hankalinta ya kwanta. Maƙwabta su ji, su yi karo-karo.

Kano ta zama Dayosis a 1999, yanzu kuwa mu ne masu aikawa. Ƙungiyar Mishan ta Bulus Mai Tsarki, wadda aka kafa a Najeriya a 1977, tana da fadanni har Turai da Amurka. Amma katikis ɗin da ya bar danginsa ya zauna a wani ƙauyen Gaya ko Ajingi shi ma manzo ne, kuma a ganinmu shi aka fi mantawa. Ga waya a aljihun kowa, duk da haka yakan yi wata bai ji muryar majami'ar da ta aike shi ba.