Wa Zai Karɓi Haihuwarki? Darasi Kan Adalci A Asibitin Koyarwa

Darasinmu na wannan fitowa a kanmu yake mu ma'aikata: su wa ake ɗauka aiki a asibitin koyarwa, yaya ake zaune da su, kuma me ya haɗa wannan da lafiyarki.

Bari mu fara da ɗakin haihuwa, inda nake aiki. Za a turo mace daga Baure ko Zango ko Sandamu, ta kwana biyu tana naƙuda a gida, ta biyo ta Daura kafin ta iso Katsina. Idan muka tambayi dalilin jinkiri, wani lokaci kuɗin mota ne, wani lokaci kuma maigida zai sunkuyar da kai ya ce, "An ce mana maza ne ke dubawa." Wannan tsoro yana cin rai. Doguwar naƙuda ita ce kan gaba wajen jawo yoyon fitsari, zubar jini bayan haihuwa kuwa yana iya kashe mace cikin awa biyu idan ba a tsayar da shi ba. Kin ga ke nan yawan mata a cikin ma'aikata shi ma magani ne.

Ungozoma kuwa ba daga sama take faɗowa ba, 'yar wani gida ce da aka bari ta yi karatu. A shekarar 2012 aka fara wani shiri da gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyi don ƙara yawan mata masu aikin lafiya a jihohin Katsina, Kano, Jigawa, Zamfara da Yobe. Abin da ya fi burge ni a shirin shi ne shekarar share fage. Al'umma ke zaɓo yarinyarsu daga ƙauye, a koya mata darussan kimiyya har ta cika sharuɗɗan shiga makarantar nas ko ta ungozoma, da alkawarin za ta koma ta yi wa garinsu aiki. An kuma tanadi wurin renon jarirai saboda ɗalibai masu goyo. Wannan shi nake kira adalci: ba a rage wa kowa jarrabawa ba, an dai kawar da abin da ya tare hanya. Shirin ya ƙare, amma makarantun suna nan, har da ta koyon aikin lafiya a Daura da ta ungozoma a Malumfashi. Malam, kai da ke son mace ta duba iyalinka, ka tambayi kanka ko ka bar 'yarka ta gama sakandare. Ƙasar da tarihi ya ce mata sun mulke ta tun zamanin Daurama bai kamata ta rasa ungozoma ba.

Sai maganar harshe. Masarautar Daura tana bakin iyaka. Akwai Fulanin ruga da Hausarsu ba ta nuna ba, akwai Buzaye, akwai masu shigowa ta Kwangwalam daga Nijar da katinsu a rubuce da Faransanci. Idan babu ma'aikaci mai jin yarensu, sai a sa miji ko ƙaramin yaro ya yi tafinta. Wace mace ce za ta faɗi ciwon mara ko yawan ɓarin da ta yi ta bakin ɗanta? Za ta ce kai ne ke mata ciwo, a ba ta maganin ciwon kai ta tafi. Idan ba ki gane bayani ba, ki ce ba ki gane ba, ki nemi a samo mace mai jin yarenki. Ba rashin kunya ba ne.

Masu buƙata ta musamman su ma doka ta san da su. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya sa hannu a dokar hana nuna musu wariya. Dokar ta ce a ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, a gyara gine-ginen jama'a yadda keken guragu zai shiga, a fara sauraronsu a layi, asibitin gwamnati kuma ya tanadi hanyar magana da kurame. Gaskiya a ƙasar nan aikin bai kai inda dokar ta kai ba. Na taɓa aiki a wani wuri da muka karɓi haihuwar wata kurma ba mai fassara ko ɗaya. Mun yi ta nuni da hannu, ita kuwa ba ta san dalilin da ya sa muka taru a kanta ba. An sauka lafiya, amma har yau idan na tuna idanunta ba na jin daɗi.

Yanzu ga ɓangaren da ya shafe ku kai tsaye, kuma ku yi haƙuri da ni. A asibitin koyarwa za ki ga Bayarabiya, ki ga Ibo, ki ga ɗan bautar ƙasa da Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "ina ciwo" ba, ki ga ɗalibai cikin fararen kaya. Wasu masu jinya sukan ce, "Mu namu muke so." 'Yar uwa, ranar Sallah da muke gida da yaranmu, su ne ke riƙe da ɗakin haihuwa, mu kuma mu karɓe su ranar Kirsimeti. Ma'aikacin da aka wulaƙanta saboda yarensa ko addininsa yakan nemi canjin wuri, gurbinsa kuma ya daɗe ba a cike ba, layinki na awo ya ƙara tsawo. Haka nan idan abu ya zo da gaggawa kuma likita namiji ne a bakin aiki, kada a hana shi. Kina da damar ki ce nas mace ta tsaya tare da ke har a gama dubawa.

A tsakaninmu ma akwai gyara. Inda babba ke tsawa, ƙarami ba ya magana. Ɗaliba ko mai shara takan riga kowa ganin jini a ƙarƙashin gado, kuma idan ta saba da shan tsawa sai ta yi shiru, mai jego ce za ta biya. Shi ya sa muke koya wa ɗalibanmu su faɗi abin da suka gani ko a gaban wane ne.

Idan aka nuna miki bambanci saboda yare, addini, talauci, naƙasa ko cutar da kike ɗauke da ita, kada ki tafi gida da abin a ciki. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi duba mai neman taimakon gaggawa bisa kowane dalili, wata dokar ta shekarar kuma ta hana wariya ga masu ƙanjamau. Ki riƙe rana da lokaci da ɗakin da abin ya faru, ki nemi shugabar nas-nas ta ɗakin, ko teburin SERVICOM mai karɓar koke. Idan ba ki iya rubutu ba, ki faɗa da baki, ki ce a karanta miki abin da aka rubuta kafin ki dangwala hannu.